Masu Riƙe Layi

Tun da wayar salula ta shigo a 2001, mai sauraro a ƙasar Maska ya huta da jiran makonni kafin a karanta katinsa na Zaɓi Sonka a Rediyon Kaduna; yanzu da bakinsa yake shiga. Abin da har yau bai zauna wa wasunmu ba shi ne layin ɗaya ne, kuma daga Funtua har Malumfashi lamba ɗaya kowa ke dannawa. Duk mintin da ka ci, na wani ka ci. A Amurka da Ingila akwai masu lasisin hira ta oba-oba don sha'awa kawai, kuma abin da ake fara koya musu shi ne ka saurara kafin ka danna, ka faɗi lambarka, in ka gama ka saki. Mu sakin ne ke ba mu wuya.

Sarkin masu riƙe layi shi ne Mai Gaisuwa. An buɗe layi kan tsadar takin zamani, sai ya gyara murya: yana gaida uwargida da amarya, da ta ukun da ta yi yaji, "da fatan tana ji za ta dawo", yana gaida mai shayin bakin tasha, da 'yan hatsin kasuwar Dandume rumfa-rumfa, da direban da ya taɓa rage masa hanya zuwa Bakori. Mai gabatarwa na cewa, "To Alhaji, ra'ayinka," shi yana cewa, "Saura mutum biyu," kuma kowanne cikin biyun nan da iyalinsa. Kafin ya iso kan taki katinsa ya ƙare. Ya nufi majalisa yana tambayar wa ya ji shi, ashe ba wanda ya ji, duk suna can suna neman layin. Bayansa akwai wanda ba ya rage muryar akwatinsa, don so yake ya ji kansa, sai ƙara ta cika mana kunne, da mai "Kuna ji na?" har layin ya tsinke, da sojan baka wanda ko kan tsutsar masara ake magana sai ya yabi ubangidansa, da mai yi wa gidan rediyo filashin yana jiran a kira shi. Sai kuma irinmu da ba mu taɓa samun layi ba, shi ya sa dokoki suka yi mana yawa.

Za a ce gaisuwa zumunci ce, kuma da kuɗinsa ya sayi kati. Haka ne, amma zumunci na da shirinsa da lokacinsa, kuma kati waya yake biya, ba kunnuwan jama'a ba. Duk da haka waɗannan dariya ce iyakar ɓarnarsu. Wanda ba shi da abin dariya shi ne Mai "An Ce". A yankin da mutanen Faskari da Sabuwa ke kwana da fargabar 'yan bindiga, ya kira ya ce an ce an gan su sun nufo gari kaza. Bai gani ba, bai tambayi mai unguwa ba. Kafin a ƙaryata, mata sun goya 'ya'ya sun fice cikin dare, manomi ya bar gonarsa a tsakiyar noma. Masu gabatar da shiri, ku tambaye shi da idonsa ya gani? In ya sake cewa "an ce", ku katse shi.