Zuwa ga taubashina, malamin ƙasusuwa na Kebbe

Ɗan mace, bawana, labari ya iso Tambuwal. Wai ka tono muƙamuƙi a gonarka, ka naɗe a tsumma kana yawo da shi majalisa-majalisa, kana rantsuwa na kyarkecin zamanin da ne. Sannu da ƙoƙari, shehin malami!

To, gyara zama in karanta maka. Masu wannan sana'a ba da ido suke yanke hukunci ba. Sai sun auna tsawon fiƙa da kaurin muƙamuƙi, sun duba babban turmin nan da ke yanka nama kamar almakashi, sannan su gwada da na dabbobi birjik. Duk da haka haƙori ya sha kayar da su. A 1854 aka tsinci wani muƙamuƙi a bakin kogin Ohio a Amurka, masani Joseph Leidy ya duba ya ce na wani kyarkeci ne da irinsa ya ƙare, wanda daga baya aka raɗa wa suna Canis dirus. Daga baya aka zaƙulo ƙasusuwan irinsa sama da 4,000 daga ramukan kwalta na La Brea. Fiye da shekara 160 ana ɗaukarsa ɗan'uwan kyarkecin yau na kusa, sai a 2021 binciken ƙwayoyin halitta ya nuna kakanninsu sun raba gari tun shekara kusan miliyan 6. Kama da wane ba ta wane.

Ko dila, mai kwashe maka kaji, ya yi wa masana wayo. Sun daɗe suna haɗa dilan Afirka ta Yamma da na Asiya, sai a 2015 aka gano na Afirkan ya fi kusa da kyarkeci. Malamin daji ke nan.

Kuma ƙasusuwan da suka fito da sunan ƙasar Sakkwato na dabbobin ruwa ne, irin su Goronyosaurus da ya ci sunan Goronyo, tun zamanin da teku ta malale yankin, ba kare ba dalilinsa. Naka kuwa, na rantse karen farautar maƙwabcinka ne da ya ɓata bara.

Ni tsorona kada wata rana masana su tono naka muƙamuƙin. Ba fiƙa, ba turmi, sai 'yan guntaye da goro ya rine, ai cikin dangin kunkuru za su rubuta ka. Cika-ciki na nan tafe, ka zo ka share mini ƙofar gida. Kuɗin shararka kunu zan saya maka da su, don tsire ya fi ƙarfinka.