Masu Yi Wa Lokaci Maguɗi a Chelsea

Da an ambaci Chelsea, hankalin matasanmu sai ya tafi filin ƙwallo. Amma a wannan unguwa ta Landan akwai wata gasa da ta fi ƙwallo tayar wa masu ita hawan jini. Tun 1913 ƙungiyar masu lambu ta Birtaniya, RHS, take shirya baje kolin furanni a harabar Royal Hospital Chelsea, gidan tsofaffin sojojin nan masu jan kwat da ke bakin kogin Thames. Kwana biyar ake yi a watan Mayu. Abin da ya fi jan ido shi ne manyan lambunan nuni: fili ne fetal, cikin kimanin mako uku sai ga bishiyoyi da ƙorama da katangar dutse mai gansakuka, kai ka rantse kakan wani ne ya dasa. Lambu na gaskiya kuwa lokaci yake ci kafin ya yi kyau, wannan kuma ba shi da shi. Don haka duk wanda ka gani a wurin, an ɗauko shi ne ya cike gurbin shekarun da babu, kuma irin maguɗin da aka ɗora wa kowa shi ne ya zana masa halinsa.

Na farko shi ne Mai Aljihu, wanda yake sayen shekarun da kuɗi. Yawanci banki ne, ko kamfanin zuba jari, ko jarida, kamar yadda Daily Telegraph ta shafe shekaru tana yi. Babban lambu ɗaya kan lashe dubban ɗaruruwan fam. Wakilin Mai Aljihu bai san bambancin fure da ciyawa ba, kuma ba ya jin kunyar hakan. Tambaya ɗaya ce a bakinsa: zinare za mu samu? Ranar Litinin, ranar 'yan jarida da 'yan gidan sarauta, zai bayyana da takalmin da bai taɓa taka laka ba, ya tsaya gaban lambun yana cewa "mun sha wahala".

Sai Mai Zane, wanda sunansa ke kan allo. Su kala-kala ne. Akwai malamin falsafa, wanda ba ya dasa bishiya sai ta kasance alamar wani abu: dutsen nan kaɗaici ne, ruwan can waraka ce. Akwai ɗan burga, kuma sarkinsu Diarmuid Gavin ne, mutumin Ireland, wanda a 2011 ya sa injin ɗaga kaya yana cira wani sashe na lambunsa sama kimanin mita 25, da mutane a ciki, ya kuma tafi da zinare. Akwai ɗan tsokana irin James May na talabijin, wanda a 2009 ya kawo lambun da babu tsiro ko ɗaya a cikinsa, komai an mulmula shi da yumɓun roba na wasan yara. Masu bikin suka rama, suka ba shi lambar yabo da aka mulmula da wannan yumɓu. Abin da ya haɗa su duka shi ne tarkon da kowa ke ɗana wa kansa. Tun watanni kafin biki Mai Zane yake rubuta takardar abin da lambunsa zai zama, kuma da wannan takarda za a yi masa hukunci. Wanda ya cika baki a kaka, a watan Mayu zai biya.

Amma wanda ya fi kowa cancantar a tsaya a kansa shi ne Mai Reno, ma'aikacin gandun renon tsirrai, domin shi ne yake kokawa da yanayi hannu da hannu. An ba shi jerin tsirrai aka ce duk su buɗe fure a mako guda, alhali Allah bai halicce su a kan haka ba. Wani na Afrilu ne, wani sai Yuni. Na gaggawa sai ya kulle shi a ɗakin sanyi don ya ɗauka hunturu bai wuce ba, malalacin kuma ya kai shi ɗakin gilashi mai ɗumi don ya zaci bazara ta yi nisa. Idan rana ta fito ya kwashe tukwane zuwa inuwa, idan hadari ya haɗu ya mayar da su. Yana renon ninki biyu ko uku na abin da ake bukata, saboda ya san Mai Zane zai zo ya ɗaga tsiron da aka yi shekara ana lallaɓawa, ya karkata kai, ya ce launin bai yi masa ba. Za ka gane Mai Reno da alama biyu: ba ya yarda da hasashen yanayi, kuma ba ya iya barin kallonsa. Idan ƙunshin fure ya ƙi buɗewa a daren ƙarshe, a cikin irinsu ake samun mai ɗauko na'urar busar da gashi yana hura masa ɗumi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ɗan Kwangila ba ruwansa da falsafa. Shi abin da ya sani shi ne awa nawa ta rage, kuma ta ina babbar mota za ta shigo da bishiyar da ta girme shi a fili mai cunkoso, kowa kuma yana son ƙofa ɗaya a lokaci ɗaya. Kalmar da ya fi tsana ita ce "ɗan matsar da ita kaɗan". Bayansa sai 'Yan Sa-kai, masu durƙuso. Su ne ke binne bakin tukwane don kada alƙali ya hango roba, su tsinke busasshen ganye da ƙaramin almakashi, su share ƙura daga kan ganye da burushin fenti, sannan su dawo su watsa wasu matattun ganyen a inda ya dace don wurin ya yi kama da wanda ba a taɓa ba. Aikin yini guda ke nan don a nuna cewa ba a yi aiki ba.

Alƙali kuma yakan zo da allon rubutu da fuskar da ba ta nuna komai. Lambobinsa huɗu ne: zinare, azurfa mai ruwan zinare, azurfa, tagulla. Ba a iyakance yawan zinare ba, duk wanda ya kai maki zai samu, shi ya sa azurfa mai ruwan zinare take da ciwo: ba wanda ya kayar da kai, kai ne ka gaza. Safiyar Talata ake ajiye sakamako, kuma an sha ganin ƙato yana hawaye a kan lambar da wani zai yi walima don ya same ta. Ɗanɗanon masu hukuncin ma yana juyawa. Ƙungiyar ta daɗe da haramta 'yan gumakan wadanni masu dogayen huluna da talakan Ingila ke ƙawata lambunsa da su, sai a 2013, shekarar cika ɗari, ta yi musu afuwa ta ɗan lokaci. Ciyayin da a da ake tumɓukewa kuwa, yanzu renonsu ake yi a tukunya.

Saura Mai Tsaki, wanda ke tsaye bayan igiya (ba a barin 'yan kallo su taka cikin manyan lambunan) yana cewa duk ƙarya ce da almubazzaranci. Yana da hujja, kuma ba a waje kaɗai ake faɗarta ba. A 2022, da lambun Lulu Urquhart da Adam Hunt ya zo na ɗaya, wanda ya kwaikwayi dajin da dabbar ruwan nan biba ta datse wa rafi, Monty Don na BBC da kansa ya tambaya ko wannan lambu ne ma. Sai dai zargin ƙarya bai zauna ba, domin ba wanda aka ruɗa. Kamar jeren ɗakin amarya ne: duk mai shiga kallo ya san ba haka ɗakin zai kasance bayan wata shida ba, amma daga nan ake ɗaukar yayi. Mai ɗan fili a bayan gida ya ga haɗin tsirrai biyu, ya je ya gwada. Zargin ɓarna ya fi ƙarfi, kuma shekaru da dama gaskiya ne. A 2022 wani asusu mai suna Project Giving Back ya fara biyan kuɗin lambunan ƙungiyoyin agaji bisa sharaɗin a mayar da su wani wuri na dindindin bayan biki, asibiti ko makaranta ko unguwa. Wannan bai goge man da manyan motoci suka ƙona ba, amma ya rage kaifin tsakin. Shi kansa Mai Tsakin, da an kaɗa ƙararrawa ƙarfe huɗu na yammacin Asabar aka fara sayar da tsirrai, shi ne za ka gani a jirgin ƙasa rungume da furen da ya fi shi tsawo.

Gyaran da nake nema ƙarami ne. Masu renon da ke baje kolinsu a babbar rumfar bikin suna samun lambobinsu, amma wanda ya reni tsirran babban lambu yakan ƙare a layi ɗaya cikin takardar da ake raba wa 'yan kallo. A rubuta sunansa a kan allo da harufa daidai da na Mai Zane.