Gwame da Buhunan Shinkafa

A Ingila akwai wata hanyar ɓarnar kuɗi da ake kira ranar fili. Masu filin tseren motoci sukan buɗe ƙofa ga duk mai lasin da hular kwano, ka biya, ka shiga da motarka ta zuwa aiki, ka yi ta zagaye har mai ya ƙare ko birki ya fara hayaƙi. Ba gasa ake yi ba, ba a ba da kofi, an ma hana auna lokaci. Amma kowa kan koma gida da imanin cewa shi ya zo na ɗaya.

Abin da ya jefa ni cikin wannan jama'a wata tsohuwar Mazda MX-5 ce, ƙirar farko da aka fara sayarwa a 1989, mai fitilun da ke buɗe ido su rufe. Kujera biyu gare ta. Uwargida ta zagaye ta, ta dubi yaranmu, ta ce, "Malam, mu a ina za mu zauna?" Na yi mata bayanin cewa a 2016 kamfanin ya cika miliyan ɗaya na irin wannan mota, kuma ba zai yiwu mutum miliyan su ɓata gaba ɗaya ba. Ta ce zai yiwu.

Na kai motar Cadwell Park a yankin Lincolnshire, fili siriri mai hawa da gangara a cikin itatuwa, kimanin kilomita 3 da rabi, wanda suke yi wa laƙabi da ƙaramin Nürburgring. Duk kwanar da na shiga, in na murɗa sitiyari sai hancin motar ya ƙi bi, tayoyin gaba suna ihu. Da na fito, wani dattijon Bature ya tsuguna da wata 'yar na'ura mai tsinke, ya soka ta wuri uku a fuskar tayata: gefen waje, tsakiya da gefen ciki. Gefen waje ya fi sauran zafi nesa ba kusa ba. Ya ce a kwana jikin mota yakan kwanta, tayar da ke waje ta tashi daga kan fuskarta ta koma kan kafaɗa. Maganin shi ne kamba: a karkato saman taya ciki tun motar tana tsaye, ta yadda in ta kwanta a kwana tayar za ta taka ƙasa da dukan faɗinta. Wajen digiri 2 ya ishi fili. Sai kasta, wadda ke dawo da sitiyari tsakiya bayan kwana. Na uku shi ne bakin taya, ko ya tsuke ciki ko ya buɗe waje. Buɗe na gaba kaɗan yana sa mota ta faɗa kwana da zafin nama, amma ya ɗaga yatsa ya ce wannan a bi shi a hankali. Ni dai "zafin nama" kunnena ya riƙe.

Na tambayi kuɗin saitin ƙafa a gareji, na ji farashi, na tuna ina da aboki. Ɗan Zariya ne, muna kiran sa Injiniya, kodayake injiniyancinsa na kwamfuta ne. Ya ce, "Haba mutumina, ka ba su kuɗinka don me? Manyan masu tsere da zare suke yi." Gaskiya ya faɗa. Ana ɗaura zare a kowane gefe daidai da tsakiyar wili, a auna tazarar zaren daga gaban wili da bayansa, bambancin shi ne tsukewa ko buɗewa. Mazda kuma ta sauƙaƙa, don ƙafafunta suna da wasu kusoshi masu kai a karkace, in ka juya su kamba da kasta su motsa.

Saura sharaɗi guda: dole a ɗora nauyin direba a kujerarsa, domin zaman mutum yana sauya tsayuwar ƙafa. Azumi ya kusa, sito cike da shinkafa, buhu mai kilo 10. Na ce a kawo bakwai da ɗan garin tuwo, ni kilo 75 ne. Uwargida tana tsaye a bakin ƙofa ta ce, "Malam, 75 ɗin nan tun kafin aurenmu ne. Ku ƙara biyu." Na ce mata wannan aikin kimiyya ne. Muka ɗaura wa shinkafa bel, muka jera gwangwanayen fenti huɗu a bakin titi, muka ja zaren kamun kifi. Maƙwabta suna leƙe ta labule. Injiniya ya manna wayarsa a jikin wili yana karanta digiri, ni ina kwance a ƙasa da sifana. Tunda digiri 2 yana da kyau, muka murɗa kusoshin har suka ƙure. Bakin tayoyin gaba kuwa muka buɗe kowanne milimita 3, don Injiniya ya ce milimita 1 ko ido ba ya ganin ta.

Da muka gama, uwargida ta tsaya daga baya ta ƙare wa motar kallo, ta ce, "Ikon Allah. Da ƙafarta lafiya, kun mayar da ita gwame."

Wanda ya fara ɗanɗana aikin shi ne Kawu, da ya zo daga Katsina ganin likita. Na ce zan kai shi masallacin Juma'a. Da ƙyar muka naɗe babbar rigarsa muka cusa shi ciki, gwiwoyinsa suna gaisawa da haɓarsa. Muna hawa babban titi na lura sitiyari ya tsaya a karkace alhali motar tana tafiya miƙe. Sai muka shiga layin hagu, inda manyan motoci suka yi wa kwalta kwari biyu da nauyinsu. Tayar dama ta kama kwarinta ta ja dama, ta hagu ta ja hagu, motar ta shiga shawara da kanta. Kawu ya fara da salati a hankali, ya wuce zuwa Hasbunallahu da ƙarfi, hannu ɗaya a kan hula, ɗaya a ƙofa. Ya ce, "Ɗan nan, kai kake tuƙa ta ko ita take tuƙa ka?" Na ce, "Kawu, saitin tsere ne." Ya ce, "Da wa muke tseren?" Bayan salla ya ce likita ya umarce shi da tafiya a ƙafa, ya bi bas.

A fili kuwa, in kwana ta hagu ce, kafin in gama niyya motar ta shige. In ta dama ce sai an roƙe ta. Na ɗauka halinta ne.

Asiri ya tonu ranar gwajin shekara, wanda doka ta wajabta wa duk motar da ta wuce shekara 3. Mai gwajin ya ɗaga ta sama ya kira ni da yatsa. Daga waje tayoyin gaba sababbi ne fil. Ya haska gefen ciki da tocila: sumul, har waya ta leƙo. Ya tuna mini cewa doka tana son zurfin zanen taya ya kai milimita 1.6, kuma tarar taya guda tana iya kai fam 2,500 da maki 3 a lasin.

Haka na koma garejin da na guje wa. Bakaniken ya maƙala wa wilolin na'urorinsa, takarda ta fito ja daga sama har ƙasa, ba ƙafa biyu da suka yarda da juna. Ya tambayi inda aka yi aikin. Na ce bakin titi. Ya ce ai titi ana gina shi da gangara zuwa magudanar ruwa, wayar Injiniya ta haɗa karkatar titin da ta taya. Sannan ya ce mutane suna ɗora wa kamba laifin cin taya, alhali babban ɓarawon shi ne bakin taya. Tayar nan tsayinta kusan santimita 58 ne. Buɗe ta milimita 3 yana nufin a kowace kilomita ana jan ta a gicciye wajen mita 5, kuma kamba ta tara duk gogar a gefen ciki. Ya mayar da kamba wajen digiri 1 da rabi, ya daidaita kasta dama da hagu, ya miƙe bakin gaba sak, na baya ya tsuke shi kaɗan don kada gindin motar ya riga hancinta fita kwana. Ya ce motar da za ta je fili ran Asabar ta je cefane ran Litinin, matsakaicin saiti take so. Kafin ya fara ya sa ni zama a kujera, ya dubi yadda motar ta nutse, bai ce komai ba.

Mun zauna da Injiniya mun yi bincike, mun gano cewa laifin na hukumar da ta gina titi ne, sai kuma masu shinkafa da buhunansu ba sa cika. Yanzu ya zo da sabon ilimi: manyan masu tsere suna auna nauyin da ke kan kowace ƙafa, sikeli huɗu kawai ake bukata, irin na banɗaki. Yana da biyu, wani maƙwabcinsa zai ara mana ɗaya. Na huɗun na uwargida ne, ta kuma ce za ta bayar da sharaɗin in fara hawa a gabanta.