Yadda Ake Kafa Bukkar Tarihi Ba Tare da Akuya Ta Cinye Ta Ba

A Amurka akwai masu zuba kuɗi su sayi tanti mai tsini irin wanda Henry Sibley ya yi wa rajista a 1856, su kwana ciki don su ɗanɗana zaman sojojin yaƙin basasar ƙasarsu. Malamin makaranta a Anka, Gummi ko Bukkuyum da aka ɗora wa shirya wasan tarihi ba ya bukatar aika ko sisi waje. Kayan tantinsa na gona tun kaka: karan dawa, gamba, shuci da igiyar rama.

Abin nunawa ma ba a nesa yake ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi shekaru yana wa'azi a ƙasar Zamfara tun kafin hijirar Gudu ta 1804, kuma a 1805 jama'arsa ta yi zango a Sabon Gari cikin Zamfara kafin ta koma Gwandu. Duk mai son nuna irin wannan zango, to ya naɗe shuɗin tampol ɗin nan ya mayar wa mai shi. Ba a yi shi ba a zamanin, kuma tsofaffin da za su zauna a layin gaba ba za su yi shiru ba.

Da farko wuri. Halin da dajin yammacin Zamfara ke ciki a yau bai bar wa kowa sha'awar kwanan jeji ba, don haka filin makaranta ko bayan gida cikin gari ya wadatar. A zaɓi tudu, musamman a Gummi, inda kowa ya san abin da gulbi ke yi idan damina ta yi nisa. A duba ƙasa da kyau: inda aka ga shuri, gara ta riga kowa kama wuri, kuma ba ta karɓar haƙuri.

Sai a kafa turke, a ɗaura masa igiya mai tsawon taku uku, a zagaya da tsinke a ɗaya bakin. Da'irar da ta fito ita ce gindin bukka. A nan ne masu ba da shawara ke fara taruwa, hannu a baya. Dabara ita ce a miƙa wa kowannensu damin kara ya riƙe. Rabi za su tuna ana jiransu a kasuwa, sauran kuwa sun zama ma'aikata.

Sanduna uku masu gwafa ake fara haɗawa a sama, a ɗaure su tamau, a baza ƙafafunsu kan da'irar. Idan ukun nan suka tsaya, a jingina sauran. Daga nan sai tanka, wato tsumagun da ake zagaya jikin bukka da su hawa-hawa ana ɗaurewa; geza ta fi dacewa don tana lanƙwasuwa ba ta karye ba. Wanda ya yi rowar tanka zai ga bukkarsa ta durƙusa kamar raƙumin da ya gaji da kaya, kuma sai baƙi sun zauna za ta yi hakan. Igiyar rama a jiƙa ta kafin ɗauri. Idan babu, ɓawon kalgo ya daɗe yana wannan aiki.

Baibaya daga ƙasa take farawa ta yi sama, kowane layi na rufe kan na ƙasansa, ta yadda ruwa zai gangara ya wuce. Mai gaggawar da ya faro daga sama ya yi wa ruwa ƙofofi ne. Tsinin kuma ya miƙe sosai, don bukka mai kwantaccen kai tana riƙe ruwa har ciyawar ta ruɓe. A ƙarshe a tattara kan a ɗaure shi.

Ƙofa ta kalli yamma. Hadari daga gabas yake tasowa, iskar hunturu ma daga arewa maso gabas, kuma dukansu ba sa sallama. A yi ta gajera, a rataya asabari. Dogon ɗalibin da aka ba rawar sarkin yaƙi ya koyi sunkuyawa tun a gwaji, in ba haka ba rawaninsa zai tsaya a bakin ƙofa shi ya shige.

Wanda abin ya rikice wa kada ya tsaya jin nauyi. Matan Fulani makiyaya sun gaji wannan aiki, su ke tayar da ɗakunan ruga duk inda aka sauka da shanu, kuma akwai tsofaffinsu da ke zaune cikin gari yanzu. A je da goro, a durƙusa a ce, "Inna, a zo a duba mana." A biya ta haƙƙinta, a kuma tara yara su ga yadda hannunta ke ɗauri, domin yawancinsu a ɗakin kwano aka haife su.

Saura maƙiya biyu. Wuta ba abin wasa ba ce: busasshen kara a hunturu ba ya jiran a ɗebo ruwa, saboda haka murhu da fitilar aci-bal-bal su tsaya nesa, a wadatu da tocila. Ita kuwa akuya, a wurinta an tara mata abinci ne wuri ɗaya. A kewaye bukkar da ƙayar magarya, a naɗa yaro mai tsumagiya, a kuma ba shi nasa abincin da wuri don kada ya bar bakin aiki kafin sarkin yaƙi ya fito.