Rigar 'Yan Wasa, Rigimar 'Yan Kallo

A daren 31 ga Yuli, 2016, dubban mutane suka cika titi a garin Ann Arbor na jihar Michigan, suna jiran ƙarfe goma sha biyu ta buga a buɗe musu kanti. Ba kofi aka ci ba, babu kuma wasan da za a buga. Kwantiragin jami'ar Michigan da kamfanin Adidas ne ya ƙare, na Nike ya fara aiki, shi ne jama'a suka hana idonsu barci don su riga kowa sayen sabuwar riga. Rigar kuwa shuɗi da rawaya ce, kamar ta jiya. Babban abin da ya canja ɗan tambari ne a ƙirji, wanda tafin hannun yaro zai rufe shi.

A Amurka wasannin jami'o'i harka ce ta manya. Filin wasan Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum 107,601, kuma cika yake yi a ranar Asabar idan ana buga ƙwallon ƙafa irin tasu, wadda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita, kowa da hular kwano a kai. Kamfanoni uku ne suka raba kasuwar a tsakaninsu: Nike, Adidas da Under Armour. Suna ba jami'a kuɗi da kaya, ita kuma ta sa kowane ɗan wasanta, daga mai ƙwallon kwando har mai ninkaya, ya ɗauki tambarinsu. Wani mai suna Sonny Vaccaro ne ya buɗe wannan ƙofa a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da ya fara biyan masu horar da ƙwallon kwando kuɗi a madadin Nike, yana haɗa musu da takalma kyauta. Yau daraktan wasanni da lauyoyi ne suke zama su sa hannu, ba wanda yake neman shawarar magoya baya. Wannan bai hana magoya bayan rabuwa gida-gida ba, kowa da tasa fatawar.

Babbansu a shekaru shi ne dattijon gargajiya. Shi dai a bar riga yadda ya tarar da ita, ko maɓalli kada a taɓa. Hedikwatarsa jami'ar Penn State: riga shuɗiya mai duhu, farin wando, farar hular kwano mai zane guda, baƙin takalmi, bayan riga kuma lamba ce kawai babu suna, don kada ɗan wasa ya ɗauka ya fi ƙungiya. A 2012 sabon koci Bill O'Brien ya sa aka rubuta sunaye, don karrama yaran da suka tsaya da ƙungiyar lokacin da take cikin tsaka mai wuya. Dattijo ya yarda niyyar mai kyau ce, amma shekara uku yana kallon wasa fuska a murtuƙe, sai da aka cire sunayen a 2015 ya samu barci. Idan jikansa ya nuna masa hoton sabuwar jesi a waya, ba ya ma karɓar wayar, cewa yake yi, "Ɗan nan, ƙwallo za a buga ko gasar sarauniyar kyau?"

Jikan nan shi ne ɗan kwalisa, alƙiblarsa kuwa jami'ar Oregon. A nan Phil Knight ya yi karatu, ya yi tseren gudu a hannun koci Bill Bowerman, su biyun kuma suka kafa kamfanin da ya zama Nike. Magoya baya "Kawu Phil" suke ce masa, kuma Kawu ba ya rowa. Tun ƙarshen shekarun 1990 Oregon ta mayar da sauya kaya sana'a: yau kore, gobe rawaya mai kashe ido, jibi baƙi da fikafikan agwagwa a kafaɗa. A wasan Rose Bowl na Janairun 2012 suka fito da hular kwano mai sheƙi wadda mutum zai ga fuskarsa a jiki, a 2013 suka sa mai ruwan hoda don wayar da kai kan cutar sankarar mama. Ɗan kwalisa ya fi ɗokin ranar da za a bayyana kayan mako a kan ranar wasan kanta. Hujjarsa ita ce yaro ɗan shekara 17 da jami'o'i goma suke zawarcinsa da ido yake zaɓe, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar, don Oregon ta tashi daga 'yar rakiya ta shiga sahun manya a daidai wannan zamani. Sai dai dattijo yana da amsa a aljihu. Oregon ta kai wasan ƙarshe na ƙasa a Janairun 2011 da Janairun 2015, Auburn ta doke ta, Ohio State ma ta doke ta. "Da kwalliya ke cin kofi," in ji shi, "da kun gaji da ɗauka."

Can gefe akwai akawu, wanda bai damu da launi ba ko kaɗan. Shi lamba yake goya wa baya. Ya haddace cewa Michigan ta samu kimanin dala miliyan 169, Texas ta samu miliyan 250 a shekara 15, sai Ohio State ta zo a farkon 2016 da miliyan 252. Wannan rarar ta miliyan biyu ya yi wata guda yana yi wa mutanen Texas gori da ita, alhali ko sisi ba zai shiga aljihunsa ba. A watan Mayun shekarar ne UCLA ta kere kowa, Under Armour ya yi mata alkawarin miliyan 280. Akawun UCLA ya yi shekara huɗu yana tafiya da ƙyar saboda alfahari. Da korona ta tsayar da wasanni a 2020, kamfanin ya ce ya fasa. Aka je kotu, aka sasanta a 2022 a kan kusan miliyan 67 da rabi, jami'ar kuma ta koma Nike a kan kimanin miliyan 46 a shekara shida. Wato daga sama da miliyan 18 a shekara an dawo ƙasa da takwas. A yi masa adalci, akawu ne kaɗai a cikinsu ya san cewa kaso mai tsoka na waɗannan manyan lambobi ba tsabar kuɗi ba ne, safa ce da takalma da jakunkuna da aka yi musu kuɗi. Amma yakan tuna da wannan ne kawai idan ana maganar kwantiragin abokan hamayya.

Mai camfi ya fi yawa a jihar Georgia. Ƙungiyar jami'ar Georgia ja take sawa a gida, sai a Nuwamban 2007 koci Mark Richt ya ba su mamaki da baƙar riga, suka lallasa Auburn da ci 45 da 20. Suka sake sawa a wasan Sugar Bowl, suka casa Hawaii. Shi ke nan, mai camfi ya gano laƙanin nasara. A Satumban 2008 aka sanar za a karɓi Alabama da baƙi, 'yan kallo ma kowa ya zo da baƙi. Kafin hutun rabin lokaci Alabama tana da 31, Georgia ko ɗaya. Mutumin da ya rantse da baƙar riga da safe shi ne da dare yake cewa a ƙona ta, kuma ba a sake fito da ita fili ba sai 2016. Kada a tambaye shi yadda masu tsaron baya suka yi wasa a daren, bai gani ba, riga yake kallo.

Ɗan'uwansa na kusa shi ne mai awon launi, wanda ya addabi Michigan tsawon shekara takwas da ta yi da Adidas. Ƙorafinsa ɗaya ne: rawayar da ake ɗinka musu ta yi haske da yawa, ta bar launin masara ta koma launin alƙalamin da ɗalibai ke shafa wa layi a littafi. Yana ajiye hotunan shekarun 1990 kusa da na 2014 yana gwada wa duk wanda ya yi kuskuren zama kusa da shi. Da aka koma Nike ya samu rawayarsa, har da ƙari, domin Michigan ce ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta farko da ta sa tambarin Jordan, hoton mutum ya yi tsalle da ƙwallon kwando a hannu. Magoya bayan Ohio State suka samu abin dariya: wasan daban, tambarin daban, shi Michael Jordan ɗin ma a North Carolina ya yi karatu. Mai awon launi ya haɗiye har Janairun 2024, ranar da Michigan ta ci kofin ƙasa a hannun Washington da ci 34 da 13. Washington kuwa Adidas take sawa. Har gobe ba za a raba shi da cewa wannan ne bayanin wasan ba.

Ɗan amana a Maryland yake. Kevin Plank, mai Under Armour, ƙwallo ya buga a jami'ar kafin ya fara sayar da riguna a 1996 daga gidan kakarsa, don haka ɗan amana gani yake kamfanin na gida ne. A Satumban 2011 Maryland ta fito karawa da Miami cikin kayan da aka zana da tutar jihar, ɓangare ɗaya baƙi da rawaya, ɗayan ja da fari, har kan hular kwano. LeBron James ma sai da ya shiga Twitter ya nuna ƙyamarsa. Ɗan amana ya ce ai ko ba komai ƙasa duka ta kwana tana maganar Maryland, kuma sun ci wasan. A wannan kakar wasa biyu kacal suka ci cikin 12, amma wannan ba ya cikin labarin da yake bayarwa.

A ranar 20 ga Fabrairu, 2019 aka samu likitocin takalmi miliyoyi a dare ɗaya. Ba a cika minti guda da fara wasan ƙwallon kwando na Duke da North Carolina ba, ɗan wasan Duke Zion Williamson ya taka zai juya, takalmin Nike na ƙafarsa ta hagu ya yage, ƙafar ta leƙo waje, ya faɗi ya ji ciwo a gwiwa. Barack Obama yana zaune a bakin fili, kyamara ta kama shi yana nuni da yatsa. Washegari hannun jarin kamfanin ya ɗan sauka, mutanen da ba su taɓa ɗinke ko silifa ba suka shiga bayani kan gam da roba da nauyin jiki. Bayan wata biyar Zion ya sa hannu da Jordan, wato reshen Nike ɗin dai.

Wanda aka fi gudun zama kusa da shi shi ne mai zargi. Duk yaron da ya zaɓi wata jami'a, shi a wurinsa kamfanin takalmi ne ya kai shi. Zai ja kujera ya rage murya ya ce a duba da kyau: yaron tun yana sakandare ƙungiyar da Adidas ke ɗaukar nauyi yake buga wa, ga shi ya tafi jami'ar Adidas, biri fa ya yi kama da mutum. Shekara da shekaru ana ce masa ya cika kallon fim. Sai a Satumban 2017 hukumar FBI ta kama mutum goma, ciki har da mataimakan koci huɗu da wani babban jami'in Adidas, Jim Gatto. Cikin tuhumar akwai shirin biyan dala 100,000 ga iyalin wani yaro don ya je Louisville, jami'ar da wata ɗaya kafin nan ta sanar da sabon kwantiragin dala miliyan 160 da Adidas. Kocin Louisville Rick Pitino ya rasa aikinsa, kotu ta samu Gatto da laifi ta yanke masa wata tara. Babu abin da ya fi wahalar da jama'a kamar mai zargi ya yi gaskiya sau ɗaya. Yanzu ko alƙalin wasa ne ya yi kuskure, takalminsa yake fara dubawa.

Mai wa'azi ma yana zuwa kallo, sanye da jesin da yake suka. Tambayarsa biyu: nawa aka biya matar da ta ɗinka rigar a masana'antar Asiya, nawa kuma aka biya yaron da ke sanye da ita? Tambayoyin suna da nauyi. A shekarar 2000, da ɗalibai suka matsa wa Oregon ta shiga wata ƙungiyar sa ido kan haƙƙin ma'aikatan masana'antu, Kawu Phil ya yi fushi ya janye gudummawar dala miliyan 30 da ya yi niyyar bayarwa don faɗaɗa filin wasa. Ba a daɗe ba jami'ar ta fice daga ƙungiyar, Kawu ya huce. Tambaya ta biyu kuwa ta samu amsa, don tun Yulin 2021 an yarda ɗan wasan jami'a ya ci kuɗin talla da sunansa, a 2025 kuma aka buɗe wa jami'o'i hanyar biyan 'yan wasa kai tsaye. Wannan ya ƙara wa jami'o'in yunwar kuɗi.

Mai wayon cikinsu ba ta musu da kowa. Uwa ce mai yara uku, kowannensu yana son jesi, ita kuma ta lura cewa duk jami'ar da ta sauya kamfani, kantuna sukan karya farashin tsofaffin kaya don su rabu da su. Saboda haka labarin kwantiragi take bi sau da ƙafa, ta ma fi akawu. Ta ci kasuwarta lokacin da Texas Tech ta bar Under Armour ta koma Adidas a 2024, har da tambarin tsohon ɗalibinta Patrick Mahomes a wasu riguna, ta sake ci da Auburn ta koma Nike a 2025. A 2025 ɗin aka sanar da wasu biyu: Tennessee za ta koma Adidas da ta bari a 2015, Penn State ma za ta bi ta bayan sama da shekara 30 tana tare da Nike. Kowanne kwantiragin shekara goma ne, daga 1 ga Yuli, 2026.