Yadda Ake Gama Tseren Kona a Kan Ƙafafu Biyu

Duk wanda zuciyarsa ta raya masa ya je tsibirin Hawai ya shiga tseren Ironman na Kona, ya kamata ya fara sanin abin da zai zuba kuɗinsa ya saya. Da sassafe za a tura shi cikin teku ya yi ninƙayar kilomita 3.8. Yana fitowa, ruwan gishiri na ɗiga daga hancinsa, za a nuna masa kekensa a ce ya tuƙa kilomita 180. Idan ya sauko ƙafafunsa sun manta yadda ake taka ƙasa, sai a yi masa albishir da cewa saura gudun fanfalaki cikakke, kilomita 42.2. Jimilla kilomita 226 ke nan, kuma awa 17 aka ba shi ya gama. Gardama ce ta haifi wannan aiki, tsakanin masu ninƙaya da masu gudu da masu keke, kan wane ne ya fi juriya. Wani hafsan sojan ruwan Amurka, John Collins, da matarsa Judy suka ce a haɗa ukun a rana ɗaya a raba gardama. Ranar 18 ga Fabrairun 1978 mutum 15 suka tashi a tsibirin Oahu, 12 suka ƙarasa, Gordon Haller ya zo na ɗaya cikin awa 11 da minti 46. A 1981 aka mayar da gasar Kona, inda zafi da iska suka shigo cikin alƙalai. Shawarata gare ka, ɗan'uwa mai niyya, guda ɗaya ce, sauran duk rassanta ne: wanda ya riƙe kansa da safe shi ke da ƙafa da yamma.

Riƙe kai yana farawa tun kana gida, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A al'ada a watan Oktoba ake tseren, zafin Kona yakan kai wajen digiri 30, kuma iskar cike take da laima. Na san wani zai yi murmushi ya ce mutumin da ya sha zafin Afrilu a Sakkwato ko Zinder ai digiri 30 sanyin safiya ne a wurinsa. Ya yi hankali. Zafin bazara na Sahel busasshe ne, zufa na fitowa iska na ɗauke ta, kuma wannan bushewar ce take sanyaya jiki. A inda laima ta yi yawa zufa takan kwarara ne kawai ta cika takalmi, jiki ya yi asarar ruwa bai samu sanyin da ya biya ba. Jiki yana iya koyon wannan yanayi, amma yana son kwana 10 zuwa 14 na atisaye a cikinsa kafin ya fara zufa da wuri, ya rage zubar da gishiri, ya ƙara yawan ruwan jininsa. Sai kuma doka ta biyu ta shiri: kada ka gwada sabon abu ranar tsere. Sabon takalmin da ka saya jiya a kasuwar baje kolin gasar, komai kyansa, bar shi a akwati. Sabon abin sha da wani ya rantse maka shi ne sirrin zakaru, gode masa ka ajiye. Da tsohuwar zuma ake magani.

A cikin ruwa ne zumuɗi yake fara cin mutane. Ana ba da izini sai ka ga ɗaruruwan mutane masu hankali, likitoci da lauyoyi da iyayen yara, sun auka ruwan gaɓar Kailua a Kona suna dukan ruwa da dukan juna, ƙafar wannan a haɓar wancan. Tuna cewa ninƙaya wajen kashi ɗaya cikin goma ce ta yinin da ke gabanka. Minti 3 da za ka ƙwato da ƙarfin tsiya a nan, za ka biya su da riba a kan kwalta. Ruwan Kona yana da ɗumi, saboda haka ba a yarda da rigar robar nan mai taimaka wa mutum ya taso sama ba, ƙwarewarka ce kawai za ta ɗauke ka. Koma gefe kaɗan inda cunkoso ya ragu, nemi wanda saurinsa ya yi daidai da naka ka bi bayan ƙafafunsa, domin a cikin ruwa doka ta halatta haka. Ɗaga kai lokaci zuwa lokaci ka duba alama, kada ka ƙara wa kanka rabin kilomita kyauta. Rufe bakinka kuma idan igiyar ruwa ta taso, don ruwan tekun da ka haɗiya da safe yana da alkawari da cikinka da azahar.

Keke shi ne babbar jarrabawa, saboda a nan ne mutum yake jin ya fi kowa ƙarfi. Hanyar ita ce babban titin Sarauniya Ka'ahumanu, wanda ya ratsa filin baƙin dutsen da aman wuta ya daskarar, babu itace babu inuwa, zafi na saukowa daga sama yana kuma tasowa daga ƙasa. Za ka hau har garin Hawi ka juyo, kuma a wajajen nan iska takan bugo daga gefe da ƙarfin da ke karkatar da mai keke, shi ya sa aka hana amfani da tayar baya mai rufaffen faifai a wannan gasa. An kuma hana laɓewa a bayan wani don ya kare maka iska, sai ka bar tazarar mita 12, in ba haka ba alƙali a kan babur ya ɗaga maka kati ka je tantin hukunci ka zauna kana kallon jama'a na wucewa. A kilomita 40 na farko mutane za su yi ta shige ka kamar an biyo su. Yi musu fatan alheri. Jikinka rumbu ne, kuma abin da ke ciki ƙididdigagge ne: sikarin da tsoka da hanta ke ajiyewa bai wuce wajen kalori 2,000 ba, alhali yinin zai ci tsakanin 8,000 da 10,000. Cikon yana fitowa ne daga kitsen jiki da abin da ka ci a hanya. Idan kana tafiya a natse jiki yana ƙona kitse da yawa, idan ka matsa feda sai ya juya kan sikari. Wanda ya cinye rumbunsa kafin Hawi, yunwa na jiransa a gudu.

Saboda haka ci da sha aiki ne na huɗu a tseren nan, ko da yake ba a rubuta shi a takardar shiga ba. Masana abincin 'yan wasa suna ba da shawarar giram 60 zuwa 90 na abinci mai sikari da sitaci a kowace awa, kuma a kan keke ya fi sauƙin haɗiya, don haka mayar da sirdinka wurin cin abinci, kaɗan-kaɗan, a kan agogo, ko kana marmari ko ba ka yi. A nan ma natsuwa ce ke ceto, domin idan ka takura jiki cikin zafi jini yakan koma tsoka da fata ya bar hanji, abin da ka ci ya tsaya cak a ciki har ya nemi hanyar da ya shigo. Batun ruwa kuma yana da kaifi biyu. A tseren farko na 1978, John Dunbar yana gaba a gudu ruwa ya ƙare wa masu rakiyarsa, suka miƙa masa barasa, ya ƙare a na biyu yana tangaɗi. Wannan hatsarin rashi ne. Hatsarin yawa ya fi ɓoyewa: wanda ya yi ta ɗurar ruwa zalla fiye da abin da yake zubarwa yana tsarma gishirin jininsa, kai ya yi nauyi, hankali ya rikice, wani lokaci har rai ya salwanta. Binciken da aka yi kan masu gudun fanfalaki na Boston na 2002 ya samu wannan matsala a jikin kashi 13 cikin 100 na waɗanda aka gwada. Hau sikeli kafin atisaye da bayansa a ranaku masu zafi, kowane kilo ɗaya da ka rage kusan lita ɗaya ce ta zufa. Da haka za ka san ma'auninka, ka sha daidai, ka haɗa da gishiri.

Komai shirinka wani abu zai ɓaci, kuma nan ma maganin bai canja ba. A 2008 Chrissie Wellington ta Ingila tana kan gaba tayarta ta yi faci, 'yan kwalaben iskar da ta zo da su suka ƙi yi mata aiki. Ta tsaya bakin hanya kusan minti 10 har wata abokiyar hamayyarta, Rebekah Keat ta Ostareliya, ta ba ta nata. Ta hura tayarta, ta hau, ta ci gasar. Darasi biyu ke nan a wuri ɗaya. Koyi canja tiyub da hannu mai zufa tun kana tsakar gidanka, kuma idan ka yi asarar minti 10 kada ka nemi ƙwato su cikin minti 20 masu zuwa. Kana da sauran yini guda na biyan bashin a hankali.

Gudu ne yake tona asirin kowa. Kilomitocin farko a titin Ali'i ake yin su, gefen teku, jama'a na tafi suna kiran sunanka, kuma tafi yana sa ƙafa ta yi alkawarin da ba za ta iya cikawa ba. Rage sauri har sai ka ji kunya, sannan ka san ka kama daidai. A kowace tashar ruwa ɗebi ƙanƙara ka zuba a hula da cikin riga, riƙe wata a tafin hannu, kuma idan takawa ta 'yan daƙiƙu ce za ta sa ka sha da kyau, taka. Bayan an wuce rabi za ka gangara harabar cibiyar binciken makamashi da 'yan tsere ke kira Energy Lab, inda babu 'yan kallo, babu mai tafi, sai kai da numfashinka. A nan za ka fara tarar da mutanen da suka shige ka da safe, wasu na tafiya hannu a ƙugu, wasu na zaune suna nazarin igiyar takalminsu. Tarihin Mark Allen ya isa hujja. Sau shida yana zuwa Kona yana komawa babu kambu, wasu lokutan bayan ya yi gaba da nisa sannan ya narke. A 1989 ya sauya dabara, ya manne wa abokin hamayyarsa Dave Scott kafaɗa da kafaɗa yini guda, bai yunƙura ba sai a hawan ƙarshe saura kilomita kaɗan, ya ci da ratar daƙiƙa 58. A 1995 ya sauka daga keke yana bayan Thomas Hellriegel na Jamus da fiye da minti 13, ya bi shi a hankali har ya kama shi, ya ɗauki kambunsa na shida yana da shekara 37.

Mai gardama zai ce ai rarrafe ne ya ɗaukaka gasar. Gaskiya ne. A Fabrairun 1982 Julie Moss, ɗaliba 'yar shekara 23, tana kan gaba ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta dab da layin ƙarshe, ta yi ta faɗuwa tana tashi, Kathleen McCartney ta wuce ta, ita kuma ta ƙarasa da rarrafe. Talabijin ya nuna wa Amurka, mutane suka yi ta neman shiga. Jarumtarta abin girmamawa ce, amma a lura da wadda ta ci a ranar: wadda ta iso a tsaye. A 1995 Paula Newby-Fraser, wadda ta riga ta ci sau bakwai, ta daina tsayawa shan ruwa a tashoshin ƙarshe don kada a kamo ta, ta zube saura 'yan ɗaruruwan mita, Karen Smyers ta ɗauki kambu, ita ta ƙare ta huɗu. A 1997 Chris Legh na Ostareliya ya faɗi saura wajen mita 50, sai da likitoci suka yanke wani ɓangare na hanjinsa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Idan jiri ya kama ka, ko zufa ta ɗauke, ko ka kasa tuna inda kake, tsaya ka nemi ma'aikatan lafiya. Lambar yabo ba ta kai hanji daraja ba.

Wani kuma zai ce wannan shawara ta masu jin tsoro ce, kuma mai taka-tsantsan yana iya isa layin ƙarshe da ragowar ƙarfin da bai amfana da shi ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, don haka a auna asarar biyu. Wanda ya yi sanyi fiye da kima a keke zai rasa minti 5 ko 10, kuma yana iya fanshe wasu a gudu. Wanda ya yi zafi fiye da kima zai taka kilomita 20 da ƙafa, asarar awa guda ko biyu, in ma ya ƙarasa. Kuskure ɗaya yana da arha, ɗayan yana da tsada, mai hankali ya san gefen da zai karkata. Natsuwa kuma ba ta nufin jan ƙafa, domin agogo yana nan: ninƙaya tana da wa'adin awa 2 da minti 20, keke yana da nasa, duka kuma awa 17. Hiromu Inada na Japan ya gama Kona a 2018 yana da shekara 85, cikin awa 16 da minti 53. Dattijon ya san ma'aunin ƙarfinsa, ya rarraba shi daidai a kan kilomita 226, ya shigo da ragowar minti kaɗan a hannu. Patrick Lange, wanda a wannan rana ya zama na farko da ya gama Kona ƙasa da awa 8, lissafi iri ɗaya ya yi da lambobi daban.

To idan Allah ya kai ka, ka gangaro ka sake hawa titin Ali'i kana jin hayaniyar jama'a, a nan ne aka ɗage maka duk dokar da ke sama. Abin da ka tara tun safe, kashe shi duka a wannan kilomita, babu sauran abin da kake yi wa tanadi. Zuge rigarka, goge bakinka saboda masu hoto, ɗaga hannu ka ƙetare layi. Karɓi lambarka, nemi romo mai gishiri ka sha a zaune, gode wa masu aikin sa kai da suka wuni a rana suna miƙa maka ƙanƙara. Kuma duk wanda ya tambaye ka ko za ka dawo baɗi, ce masa ya ba ka mako guda, domin amsar da za ka bayar a daren nan da wadda za ka bayar gobe a kan matakalar masauki ba za su zo ɗaya ba.