Wa Ya Naɗa Ka Waliyyin 'Yan Sama Jannati?

Kai Bazazzagi, zo nan mu yi ta ta ƙare. Kada ka fake da cewa an kusa kiran la'asar, da sauran lokaci. Ƙara na kawo, kuma kai ake ƙara. Duk shirin talabijin da aka haɗa namiji da mace a bakin aiki ɗaya, ko da a cikin kumbo ne ana gudun halaka, kafin minti biyar ka ɗaura musu aure. Ba waliyyi, ba shaidu, ba goro. Duniya na shirin tarwatsewa, baiwar Allah tana ta lissafin yadda za a tsira, kai kuwa kana kan benci a bakin Ƙofar Doka, waya a hannu, shayi na hucewa, kana zungurar na kusa da kai: "Ka ga kallon da ta yi masa? Wallahi akwai magana."

Agogon da ke bayansa ta kalla, malam. Bam ne zai tashi.

Ka ce kai ba ka kallon finafinan kumbo da halittun wata duniya, aikin yaran Samaru ne? Daɗina da ɗan birni musu. A garinku aka buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a 1969, a kamfanin NNPC, na littattafai ba na fetur ba. Labarin yaro ne da baƙo daga sama ya ɗauke shi yawon sararin samaniya. Sa'ar marubucin ɗaya, namiji ya tura. Da yarinya ce, da har yau kuna lissafin lefe.

Mu ɗauko The X-Files, wanda aka fara a Amurka a 1993. Ma'aikatan FBI biyu ne. Mulder, namijin, shi ne mai saurin gaskatawa: a ce masa an ga wani haske a daji cikin dare, ya suri jaka. Scully, macen, likita ce, ita ke feɗe gawa, ita ke cewa a kawo hujja, kuma tun asali an turo ta ne ta sa ido a kan aikinsa ta rubuta rahoto. Wato an kifar maka da karatun majalisa, wanda ke cewa mace ce mai camfi da saurin ruɗewa, namiji ne mai sanyin kai. Wannan duk bai tsaya maka a rai ba. Tambayarka ɗaya ce tun fitowa ta farko: yaushe za a sa rana?

Ka ce ai ƙarshenta sun so juna, har da ɗa? Sun so. Sassauta murya, kada ka tashi Kwarbai. Amma sai a zango na bakwai, a ƙarshen 1999, aka ga sumba ta gaskiya ta farko tsakaninsu. Mai shirin, Chris Carter, ya daɗe yana cewa shi ba labarin soyayya ya zo bayarwa ba. 'Yan'uwanka na can ne suka hana shi sakat, suka rabu gida biyu a intanet, masu cewa a haɗa su da masu cewa a ƙyale mutane su yi aikinsu. Shekara shida kuna jan rigar mutum, ran da ya juyo sai ka buga cinya: "Ba na faɗa ba!"

Ga wadda ba ka taɓa kawowa majalisa ba. Gillian Anderson, wadda ta fito a Scully, ta faɗa da bakinta cewa a farkon shirin an buƙaci ta riƙa tsayawa bayan abokin aikinta a gaban kyamara, ba kafaɗa da kafaɗa ba. Ta sha fama kafin kuɗinta ya kamo nasa. Da aka tashi farfaɗo da shirin a 2016, tayin farko da aka yi mata rabin nasa ne. Kai da ke mata fatan alheri haka, har kana nema mata miji, ina kake lokacin?

Na san inda za ka ɓullo. Ka gyara hula, ka yi gyaran murya irin ta ɗan Limancin Kona, ka ce ba a haɗa wuta da auduga, kuma malamai sun yi gargaɗi kan keɓewar namiji da mace. Ban musa ba, ni ma na zauna gaban malam. Sai dai malamin da ya biya maka babin keɓewa bai tsallake babin zato ba, kai ne ka fita shan ruwa. Tun muna yara ake ce mana zato zunubi ko da ya zama gaskiya. Kuma wace keɓewa ce a kumbon Voyager na Star Trek, mai ɗauke da mutum wajen 150? Kyaftin ɗinsa mace ce, Janeway, an wurga su nisan da komowa gida zai ci shekara 75. Daga 1995 zuwa 2001 masu irin halinka suna ta haɗa ta da mataimakinta Chakotay. Kate Mulgrew, mai fitowa a Janeway, ta ƙi. Ta ga in mace ta farko da ta ja ragamar shirin ta ɓuge da soyayya da na ƙasa da ita, to an gama da kujerar.

Amma Stargate SG-1 ne ya fi tona maka asiri. Akwai wata ƙofa zagayayya, ba ta cikin ƙofofin ganuwarku. In ka fita ta Ƙofar Gayan har yanzu kana ƙasar Zazzau, wannan kuwa in ka taka ta sai wata duniya. Mutum huɗu ke shiga: Kanar Jack O'Neill, shugaba, Daniel Jackson, masanin harsuna da kayan tarihi, Teal'c, mayaƙi daga wata duniya, sai Samantha Carter, hafsar sojan sama mai digirin digirgir a ilimin taurari. Maza uku, mace ɗaya. Ita da Daniel suke raba dare kan bincike, su suka fi fahimtar yaren juna. Ba ka kula ba. Kai tsaye ka miƙa ta ga oga. Me ya sa kullum oga? Ashe a lissafinka mace ba ta shiga tawaga don ta iya, sai don wani babba ya ƙyasa.

Ka ce ruwa ba ya tsami banza, kai ka ga abin da ka gani? Na san fitowar da kake nufi, ta shekarar 2000, bari in taya ka. Lokaci ya maƙale, sa'o'i goma na ta maimaita kansu, O'Neill da Teal'c ne kaɗai ke tuna abin da ya wuce. Da O'Neill ya gane komai ya yi zai goge, sai ya shiga shiririta: ya buga ƙwallon golf ta cikin ƙofar, ya koyi ginin tukwane, ya hau keke a cikin sansani. Daga ƙarshe ya shigo da kayan gida, ya miƙa wa ogansu Janar Hammond takardar ajiye aiki, ya duba agogon hannunsa, saura daƙiƙu, sannan ya sumbaci Carter. Lokaci ya koma baya. A sauran mutanen babu wanda ya tuna, har ita.

Duba da kyau. Ko a duniyar da babu hisabin gobe, sai da mutumin ya cire kaki ya ajiye aiki, don dokar soja ta hana shugaba neman wadda ke ƙarƙashinsa. Marubutan sun ɗana maka tarko, ban wanke su ba, sun san abin da ke riƙe ka a benci. Amma zango goma aka yi, daga 1997 zuwa 2007, fitowa 214. A ciki matar nan ta tarwatsa rana sukutum don ta hallaka rundunar abokan gaba. Rana fa! In an tambaye ka wace ce Carter, sai ka ce "budurwar kanar."

To ga jarrabawa. A fim ɗin Star Trek na 1982 Spock ya ba da ransa don ceton jirgi, abokinsa Kirk na kallonsa ta bayan gilashi ya kasa taɓa shi. A na 1984 Kirk ya saci kumbon Enterprise, ya taka umarnin manyansa, ya yi asarar jirgin, duk don ya dawo da abokinsa. Me ka kira wannan? Amana. Zumunci. Maza kenan. Madalla. Da a ce Spock mace ce, ko ruwan sha Kirk ya miƙa mata da ka yanka sadaki. Abin mamaki, ku ne fa mu Kanawa ke tsokana da "mace ne", "riga ne". Bakinku bai damu da jinsi ba, duk aikin kun bar wa ido.

Ka ce wannan duk ƙarya ce ta fim, a zahiri ba a haka? Hau Keke Napep zuwa Palladan. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama tana nan tun 1964. A nan Chinyere Kalu ta koyi tuƙi, ta zama mace ta farko a Najeriya da ta tuƙa jirgin fasinja, a 2011 kuma aka naɗa ta shugabar kwalejin. Ɗakin matuƙa kujera biyu ne, ƙofa a rufe. In kana baya ka ɗaure bel, hadari ya haɗo, jirgi na rawa, ka ji muryar mace ta ce a kwantar da hankali, me kake roƙa? Allah ya daidaita tsakaninsu, ko Allah ya sa ta iya sauka?

Kuma halin nan ba talabijin ce ta koya muku ba, tsoho ne. Littafin Tarihin Kano ya ce Amina ta Zazzau ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nupe, Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, ta yi shekara 34 tana yaƙi. A wannan wurin bai ambaci saurayi ko ɗaya ba. Amma tsayar da yaro a Babban Dodo ka ce ya ba ka labarinta. Kafin ya kai ga ganuwa zai gaya maka wai kowane gari ta ci sai ta zaɓi namiji ta kwana da shi, da safe a kashe shi. An kasa aurar da ita, sai aka ƙirƙiro mata samari, aka kuma bi su da wuƙa.

Ita ma Carter marubuta sun yi ta jefo mata masoya, kuma yawancinsu ba su kai labari ba. Tsohon saurayinta Jonas Hanson ya mutu tun a zangon farko. Narim, duniyarsu aka ragargaza yana ciki. Martouf kuwa, da abokan gaba suka juya masa ƙwaƙwalwa, ita da hannunta ta harbe shi. Har masu kallo suka mai da abin barkwanci, wai duk wanda ya ce yana so ya fara rubuta wasiyya.

Tunda ka matsu sai ta yi aure, ga fili ga mai doki. Sa babbar rigarka ta sallah. Zan raka ka har Ƙofar Kuyambana, daga nan ka ƙarasa kai kaɗai, ni ina da iyali.